Ranar da Inna ta kira sunana

Shekara ashirin da 'yan kai Inna ta yi tana riƙe da adashen matan unguwarmu a Kura, ba littafi ba biro. Ba ta yi boko ba, allo ma iyakarta izu biyu aka yi mata aure. Amma mata talatin da biyu ne ke kawo mata zubi duk ranar Juma'a, kuma a ka take riƙe da kowa: wadda ta kawo cif, wadda ta ce a yi mata haƙuri sai maigida ya sayar da tumatir, wadda ta roƙi a musanya mata kwasa da wata saboda bikin 'yarta ya matso. Kuɗin a cikin wata tsohuwar langa suke kwana, a ƙarƙashin gado, an naɗe su da tsumman atamfa. Ni da na yi karatu har na zama malamar firamare, in na ɗauko takarda zan taya ta lissafi, kafin in gama jera lambobi ta riga ta faɗi amsa tana yi mini dariya.

A daminar 2019 aka fara samun tangarɗa. Wata Juma'a da la'asar mata biyu suka shigo gidanmu, kowacce ta ce kwasarta ce. Da aka bi diddigi sai ga shi Inna ta ba mace ɗaya kwasa sau biyu a cikin wata uku, ta tsallake wata. Wadda aka tsallake ba ta yi da sauƙi ba. A tsakar gida, gaban yara, ta ce dama an daɗe ana faɗa, ba a banza ake sake rufin kwano ba. Inna tana zaune a kan tabarma, ta buɗe langar ta rufe, ta sake buɗewa ta rufe. Ba ta ce uffan ba. Ni da ƙanina muka haɗa kuɗin muka biya a cikin mako, muka ce Inna ta gaji, a nemi wata uwar adashen.

Abin da ya ɓatar da mu shi ne Inna ba ta mantuwa irin wadda muka sani. Ta san sunan kowa, har jikokin maƙwabta. Tana iya ba ka labarin shekarar da ruwan Tiga ya fara zuwa gonakin Kadawa kamar jiya aka yi. Sai dai komai nata ya yi nauyi. Ka yi mata tambaya, sai ka ƙirga goma kafin ta amsa. Wata rana na same ta a madafi, ruwan tuwo yana ta tafarfasa, ga gari a ƙwarya, ga muciya a hannunta, ta tsaya cak. Na ce, "Inna, lafiya?" Ta ce, "Talge ake fara yi ko me?" Matar da ta shekara arba'in tana tuƙa tuwon mutum goma sha biyar. Na karɓi muciyar na ce ku je ku huta, na juya baya don kada ta ga fuskata.

Daga nan kowa ya zama likita. Gwaggo ta ce sammu ne, kuma ta san daga inda aka jefo shi, ai wadda ta yi mata tijara a tsakar gida ba za ta tsaya iya baki ba. Wasu suka ce tunanin Baba ne, da ya rasu a 2015. Kawu ya ce gigin tsufa ne kawai, ya karanto mana ayar nan ta Suratun Nahli da ke maganar wanda ake mayarwa zuwa mafi ƙasƙancin rayuwa har ya kasa sanin komai bayan ya sani. Babu wanda ya tsaya ya ce, to ai matar nan shekararta sittin ne kacal, ga yayarta can a ƙauye tana surfe da kanta. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, aka kawo mai ruƙiyya har sau uku. Ba na raina addu'a, har gobe ita muke yi safe da yamma. Abin da ke ci mini rai shi ne shekara biyu cur muka yi a haka, alhali abin da ke cinye ta yana rubuce a wani tsohon kati a cikin akwatinta.

Katin na 2009 ne, shekarar da ta sauke farali. A wurin gwajin lafiyar maniyyata aka auna ta aka ce jininta ya hau, 170 bisa 100, aka rubuta mata magani aka ce ta riƙa sha kullum. Ta sha a Makka, ta sha a Madina, da ta dawo ta ce ai ta warke. Daga nan maganin hawan jini ya koma kamar na ciwon kai: in ta ji keyarta ta yi nauyi ko tana ganin jiri, sai a aiki yaro kemis ya sayo kati ɗaya, ta sha kwana uku ta ajiye. Ƙawayenta kuma suna zuga ta, wai in jiki ya saba da ƙwayar asibiti ba ya rabuwa da ita, gara tafarnuwa da zogale. Ba zan ɗora wa kowa laifi in tsame kaina ba. Ni ce mai albashi, ni ce nake ba da kuɗin katin nan ɗaya, kuma ban taɓa tambayar me ya sa kati ɗaya ke yi mata wata biyu ba.

Sai wata asuba a sanyin 2021. Tana alwala buta ta suɓuce daga hannunta na dama. Ƙanwata da ke kusa ta ce bakinta ya karkace, tana magana kamar mai tauna tuwo da zafi. Kafin a taso ni daga gidana in iso, bai fi minti ashirin ba, komai ya koma daidai, har tana faɗa wai an tara mata jama'a a kan ba komai. Muka ce iska ce ta buge ta, Allah ya tsare. Aka shafa mata man zaitun, kowa ya kama gabansa. Yanzu na san abin da ya faru ke nan ana kiransa ƙaramin shanyewar ɓarin jiki, jini ne ya yanke wa wani sashe na ƙwaƙwalwa na ɗan lokaci sannan ya dawo, kuma gargaɗi ne da ya kamata a ruga asibiti a ranar, ko da mutum ya miƙe yana dariya.

Bayan wannan asubar Inna ta sauka mataki guda, ba ta sake hawowa ba. Tafiyarta ta canza, tana jan ƙafa da gajerun taku kamar wadda ƙasa ke riƙe wa tafin sawu. Fitsari ya fara kufce mata kafin ta kai bayan gida, abin da ya fi komai ƙona mata rai, mace mai tsafta da ko ɗankwalinta ba ta yarda ya kwana ba a ninke ba. Sai kuka ba dalili. Ana hira ana raha, sai hawaye shar, ka tambaye ta me aka yi, ta ce ita ma ba ta sani ba. Wata shida tana nan a haka ba gaba ba baya, har mun fara cewa an samu sauƙi, sai kuma wani mako ta sake sauka: sallar azahar ta zama raka'a bakwai, wani lokaci biyu.

Wata abokiyar aikina da mijinta nas ne ita ta matsa mini. A farkon 2022 muka kai ta wani babban asibiti a Kano, aka tura mu wurin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Mutum ne mai natsuwa, ya gaishe ta da "Hajiya, ina gajiya," ya bar ta ta gama amsawa a nata saurin. Ya tambaye ta sunayen 'ya'yanta, ta jero, ta tsallake na fari kamar yadda ta saba, ya yi murmushi don ya gane. Ya faɗa mata abubuwa uku ta riƙe, bayan ɗan lokaci ta kawo biyu, da ya ɗan tuna mata ta kawo na ukun. Da ya ji sana'arta sai ya ce, "Hajiya, na sayi daddawar naira ɗari da hamsin, na ba ku ɗari biyar. Nawa ne canjina?"

Inna ta dube shi. Ta dubi yatsunta, ta fara lanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya. Ta kai na huɗu ta tsaya, ta koma farko. Can ta juyo gare ni ta ce a hankali, "Ke, ba shi canjinsa." A nan na kasa riƙe kaina.

Ya auna jininta, 185 bisa 105. Ya ce a yi hoton ƙwaƙwalwa na MRI. Sai da ƙanina ya sayar da tumaki biyu. Da muka koma da hoton ya ɗora shi a jikin fitila ya nuna mini wasu fararen dabbare-dabbare a tsakiyar ƙwaƙwalwar, kamar an yayyafa farar ƙasa, da wasu 'yan ramuka baƙaƙe guda huɗu ko biyar, kowanne bai kai ƙwayar wake ba. Ya tambaye ni daga ina muke. Da na ce Kura, sai ya ce to aiki ya yi sauƙi, kin san lambu.

Bayanin da ya yi mini na riƙe shi kamar karatun allo, na kuma ƙara da abin da na karanta daga baya. Ƙwaƙwalwar babban mutum ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, wajen kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki, amma ita kaɗai take cinye kusan kashi ɗaya cikin biyar na iskar da jiki ke amfani da ita. A kowane minti jinin da ke ratsa ta ya kai kamar ledar ruwan fiya-wata guda ɗaya da rabi. Kuma ba ta da rumbu, ba ta ajiye abinci don gobe. In jini ya yanke mata na 'yan mintuna, wurin ya fara mutuwa. Manyan jijiyoyi huɗu ne ke kai mata jinin, biyu ta gaban wuya, waɗanda kake jin bugunsu in ka ɗora yatsa, biyu ta baya ta cikin ƙashin wuya. Waɗannan su ne babban kanal. Daga su ake ta rarrabuwa har a kai ga 'yan ƙananan da ba su kai kaurin gashi ba, masu shiga can cikin tsakiya, kamar 'yan hanyoyin ruwan da manomi ke ja da fartanya zuwa kowane fangali. In babban kanal ya toshe, rabin gona ya bushe a yini ɗaya, kowa ya gani, shi ne shanyewar ɓarin jiki da muka sani. Amma hawan jini na shekara da shekaru ƙananan yake bi. Ƙarfin bugun yana sa bangonsu ya yi kauri ya ƙanƙance, ruwa ya ragu, yau wannan fangali ya bushe, baɗi wancan, mai gona bai lura ba sai ranar da ya zo ɗiban tumatir ya ga kwando bai cika ba. Ramukan nan na hoton Inna fangullan da suka bushe ne. Fararen wuraren kuma hanyoyin da sassan ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo ne suka lalace don ƙarancin jini. Shi ya sa sunaye suna nan, labarin da yana nan, amma haɗa wannan da wancan, a san me ke gaba me ke baya, a yi lissafi, a tuƙa tuwo, shi ya gagara.

Na tambaye shi ko wannan ce cutar Alzheimer da ake faɗa a rediyo. Ya ce 'yar'uwarta ce, ba ita ba ce. Waccan, da aka sa wa sunan likitan Jamus ɗin da ya fara bayyana ta a 1906, ita ta fi yawa a duniya, ta fi farawa da mantuwar abin da ya faru yanzu-yanzu, kuma gangara take yi a hankali. Ta Inna ita ce ta biyu a yawa, cutar mantuwa mai nasaba da jijiyoyin jini, kuma sau da yawa saukar matakala take yi: a tsaya, a faɗa, a tsaya. Ya ce a tsofaffi da dama ma biyun ne ke haɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu cutar mantuwa sun haura miliyan 55, kuma fiye da kashi 60 cikin 100 suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, irin namu. Da na ji haka sai na fara ƙirga tsofaffin unguwarmu da aka ce sun ruɗe, da waɗanda aka kulle a ɗaki, da wata da yara suka riƙa bi da jifa ina ƙarama ana ce mata mayya.

Sai na yi tambayar da kowa ke yi: za ta warke? Ya ce fangalin da ya bushe ya bushe, babu maganin da zai dawo da shi, kuma duk wanda ya ce mini yana da shi kuɗina yake so. Aikinmu shi ne tsare sauran gonar. Ya rubuta amlodipine da wani maganin hawan jinin na biyu, da na rage kitsen jini, ya sa aka gwada suga, aka duba bugun zuciya, don ciwon suga da bugun zuciya marar tsari da taba duk suna ƙara haɗarin yankewar jini a ƙwaƙwalwa. Ya ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi, kuma dunƙulen da muke jefa huɗu biyar a tukunya mafi yawansa gishiri ne. Ya ce ta riƙa tattaki kullum ko da zagaye tsakar gida ne, a riƙa zama ana hira da ita, kada a ware ta.

Muna shirin fita ya ce, "Malama, miƙo hannunki." Na ce ai ni lafiyata ƙalau. Ya ce haka Hajiya ta ce a 2009. Aka samu 150 bisa 95. Ya sa na dawo sau biyu aka sake aunawa, bai sauka ba. Ina da shekara 46 a lokacin, ko ciwon kai ba na yi. Daga baya na ga wani bincike da aka yi a Amurka kan mutum fiye da 9,000, aka fitar da sakamakonsa a 2019: waɗanda aka matsa aka saukar musu da jini sosai, samun raunin tunani na farko-farko ya ragu a cikinsu da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Tun daga ranar ƙwayata tana kusa da buroshina. Ƙannena biyar duk na tasa su gaba sai da aka auna su, uku suna da shi. Ɗaya har yau yana ce mini shi zogale ya ishe shi, kuma duk haɗuwarmu sai mun yi faɗa.

Na dawo da Inna gidana. Maigidana, Allah ya saka masa, shi ya fara faɗa kafin in roƙa. Mun sayi na'urar awon jini, ina rubutawa a bayan rajistar makaranta da ta ƙare. Miyarmu ta koma ta daddawa da citta da albasa mai yawa, yara suka yi ta ƙorafi wata guda sannan suka saba. Wani malami ya yi mana bayani cewa azumi ya faɗi a kanta, sallah kuma ta yi yadda ta iya, kada a tsananta mata. Yanzu ƙaramar 'yata ce ke tsayawa gefenta tana ɗaga murya, Inna tana bi.

Wuyar tana wajen magariba. Da rana ta sunkuya sai hankalinta ya tashi, ta ɗaure 'yan kayanta a ɗankwali ta ce za ta tafi gida, babanta yana jira, mutumin da ya rasu tun ban yi wayo ba. Da farko ina ce mata ai ya rasu, sai ta fashe da kuka kamar yanzu aka yi mata rasuwar. Na daina. Yanzu cewa nake, "To Inna, ku bari a idar da sallah, mota ba ta zo ba," in zuba mata wake a faranti ta tsince. Kafin ta gama ta manta da tafiyar. Sau ɗaya ta fice ba mu sani ba, ba takalmi, wani mai kai amfanin gona a kura ya gan ta a bakin kanal ya riƙo hannunta ya kawo ta. A daren ban runtsa ba. Washegari na bi gidajen layinmu ɗaya bayan ɗaya, na ajiye kunya na faɗa musu: mahaifiyata ba hauka take ba, ba kuma asiri aka yi mata ba, jijiyoyin ƙwaƙwalwarta ne hawan jini ya lalata, in kun gan ta a waje ku riƙe mini ita. Mata biyu a ranar suka tambaye ni ko zan auna su. Yanzu na'urar tawa ta fi zama a maƙwabta fiye da gidana.

Wadda ta yi mata tijara ma ta zo, da ƙwaryar fura. Ta durƙusa ta ce, "Hajiya, ku yafe mini." Inna ta gane ta sarai, ta kira sunanta, ta tambayi 'ya'yanta, sannan ta ce, "Kin kawo zubin?" Matar ta dube ni, na ɗaga mata gira. Ta kwance bakin zaninta ta miƙa naira ɗari biyu, Inna ta sa a langa ta rufe. Da ta tashi tafiya na bi ta zaure na mayar mata. Lokacin canjin kuɗi na 2023 kuwa Inna ƙin karɓar sababbin takardu ta yi, wai jabu ne, an yi musu rini.

Shekara uku ke nan jininta bai cika wuce 135 bisa 85 ba. Ba ta warke ba. Ta sake sauka mataki ɗaya bara, yanzu sai an riƙe ta take zuwa bayan gida, maganarta ta ragu. Amma likitan ya ce hoton baya-bayan nan bai nuna sababbin ramuka ba, kuma tazarar da ke tsakanin matakan ta ƙaru.

Ni ce 'yar fari. Duk wanda ya tashi a gida irin namu ya san me wannan ke nufi. Tun da aka haife ni Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" ce ni, ko "waccan", ko "yayarku" in da ƙannena take magana. A wurin kakata na tashi har na shekara bakwai. Ranar aurena ba ta fito ba, ranar da na haihu ta aiko da kaya ta tsaya a ƙofar ɗaki tana tambayar ungozoma. Ban taɓa jin haushi ba, haka na ga ana yi. Likitan ya taɓa gaya mini cewa cutar tana taɓa sashen gaba na ƙwaƙwalwa, mai riƙe da kunya da kawaici, don haka kada mu yi mamaki in ta fara faɗin abin da da ba ta faɗa. Na ɗauka zagi yake nufi, na shirya wa zagi.

Ranar wata Laraba cikin azumin da ya wuce, na gama yi mata wanka na zaunar da ita a bakin gado ina shafa mata man kaɗanya a ƙafa. Kaina a sunkuye. Sai na ji hannu a kan ɗankwalina, ta kira sunana, cikakkensa, na yanka, yadda liman ya faɗe shi ranar suna. Na ɗago. Ta ce, "Kin rame. Ba sa ba ki abinci ne a gidan nan?"

Na ce, "Suna ba ni, Inna."

Ta ce, "To miƙo ɗaya ƙafar taki in shafa miki."

Na miƙa mata.